Rufi Ɗaya, Ɗaki Biyu

Mijinyawa ne ya kashe wansa, Malam Ladan mai wankin hula. Bai taɓa shi da hannunsa ba, amma shi ya kashe shi. Na faɗi haka a gaban alƙali, zan kuma faɗa a nan, domin shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidansu, a kan idona aka yi komai.

Ranar Litinin da hantsi na ji ƙarar katako yana gangarawa a kwalta. Na leƙo. Samari huɗu ne, 'yan sara-suka, sun zagaye Malam Ladan a ƙofar gida, inda yake sana'arsa. Ɗaya ya sa ƙafa ya watsar da katakan da yake kifa huluna a kai su bushe. Hulunan mutane, zanna da damanga, suka zube a kwata. Babbansu, wani Ja'afaru mai tabo a leɓe, yana riƙe da gora.

"Baba, an ce ka tashi. Kurma ne kai?"

"Wa ya ce?"

"Masu wuri."

"Mai wurin yana maƙabarta, ni ya bar wa," in ji Malam Ladan. "Ɗauko mini hular can da ka jefar, ta mutane ce."

Ja'afaru ya yi dariya. Ya sa kan gora ya tsamo hular daga kwata, ya kifa wa dattijon a ka, baƙin ruwa yana bin gemunsa. Malam Ladan ya cire ta, ya matse, ya ajiye a cikin baho. Wannan shirun nasa ne ya ba su haushi. Gorar farko a haƙarƙari ta same shi. Da ya faɗi suka bi shi da ƙafa, ɗaya ya ɗaga katakon hula ya sauke masa a ƙauri. Na ji ƙarar ƙashin daga tsallaken hanya.

Muka taso, ni da mai faci da masu shagon taya. Ja'afaru ya zare adda, ya ja ta a kwalta har tana tartsatsi.

"Wanda ya gaji da hannunsa ya matso."

Muka tsaya inda muke. Suka hau babura suka tafi.

Layinmu yana bakin Ƙofar Ran, wajen da bankuna da manyan shaguna suka matso suna cinye unguwa. Wani kamfani ne ya zo daga Abuja zai gina bene hawa takwas na ofisoshi. Suka kafa ƙaton allo da hoton benen, gilashi tun daga ƙasa har sama, da mutane masu kwat suna yawo a gindinsa, babu ɗaya da ya yi kama da ɗan layinmu. Mijinyawa ne dillalinsu. Gida bayan gida ya bi yana lallashi, wanda ya ƙi lallashi ya ga samari a ƙofarsa. Aka sayar, aka rushe, har ya rage gidan ubansu kaɗai a tsakiyar fili. Mijinyawa ya sayar da rabinsa. Malam Ladan ya ce nasa rabin ba na sayarwa ba ne.

"A nan aka binne cibiyata, a nan masu hula suka san ni," haka yake cewa. "In na koma Tirwun, can bayan gari, wa zan wanke wa hula? Masara?"

Muka kinkime shi zuwa ɗakinsa, matarsa A'i tana gaba tana salati. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Ya ce haƙarƙari ma ya taɓu. Ya kafa sharaɗi irin nasu, cewa daga shimfiɗar nan kada a motsa shi ko nan da ƙofa, sai ƙashi ya kama. Mai unguwa ya aiko cewa zai tara 'yan'uwan biyu ranar Alhamis.

Da mutane suka ragu na zauna kusa da shi. Yana kwance rigingine, idonsa a rufin ɗaki.

"Malam Sabitu, ka ga itacen can?"

Na ɗaga kai. Wani gungumen giginya ne baƙi, ya ratsa tsakiyar rufin, azara duk a kansa suka kwanta, ƙasar rufi kuma a kan azara. Ya shige ta saman bango ya ɓace.

"Ina ya tafi?" na ce.

"Ɗakin Mijinyawa. Asali ɗaki ɗaya ne dogo Baba ya gina. Da za a yi mana aure sai ya ja bango a tsakiya. Bangon nan ba ya ɗauke da komai, kara ne da yaɓe. Kan itacen ɗaya yana bangona, ɗayan yana bangonsa. Ranar rabon gado aka ce kowa ya riƙe ɗakinsa. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi sama."

"To in suka rushe nasa fa?"

"Ba zai yarda ba. Ya sani. Shi Baba yake turawa sama kowace damina ya yi yaɓe, don ya fi ni rashin nauyi." Ya yi tari, ya dafe gefensa. "Mijinyawa ɗan iska ne, amma ba mahaukaci ba ne. Ni na goya shi."

A'i tana bakin ƙofa tana fifita garwashi. Ta ce, "Malam, wanda ka goya ɗin ne ya turo aka karya ka."

"Kin gani da idonki?"

"Sai na gani?"

"To yi shiru."

Bayan la'asar na sami Mijinyawa a gindin allon, ya jingina da motarsa yana cin balangu a takarda.

"Ka je ka duba wan naka?"

"Na ji an ce ya faɗi."

"Faɗuwa ce take barin sawun gora?"

Ya lashe yatsa. "Malam Sabitu, gidanka ba ya cikin filin nan, shi ya sa wa'azi yake maka daɗi. Mutanen nan sun ce in wata ya ƙare ban ba su fili a share ba, za su koma wani wuri. Mutum ɗaya zai hana gari ci gaba saboda bahon wanki?"

"Rufinku ɗaya ne."

Ya tsaya da tauna. Ya dube ni, ya kau da kai.

"Ɗakina zan rushe. Nawa ne, alƙali ya ba ni. In nasa ya ga dama ya bi nawa, wannan tsakaninsu."

"Ka ji tsoron Allah, Mijinyawa. Mutumin yana kwance a ciki da ɗori."

"Yayana ne fa. Na fi ka saninsa. Ya ji ƙasa ta fara zuba za ka ga ya fito a guje, ɗorin ma ya warke."

Na ce masa gobe da safe zan je wurin mai unguwa in faɗi abin da ya faɗa. Ya ce in gaishe shi.

Da yamma aka yi ruwa mai yawa, irin na tsakiyar damina. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san nauyin rufi idan ya sha ruwa.

Ban kai ga zuwa wurin mai unguwa ba. Washegari ina buɗe shago katafila ta shigo layin, tana tauna kwalta. Samarin jiya suna biye da ita a babura, Mijinyawa yana gaba a mota. Ya fito da gwangwanin jan fenti, ya ja layi a jikin bangon gidan daga sama har ƙasa.

Direban katafilar baƙo ne, ba ɗan gari ba. Ya leƙo ya ɗaga murya.

"Oga, babu mutum a ciki?"

"Daga jan layin nan zuwa can nawa ne. Babu ko kaza."

A'i ta fito da gudu, hannunta duk kumfa.

"Mijinyawa! Yayanka yana ciki! Ba ya iya tashi!"

"To ai ba ɗakinsa za a taɓa ba. Koma ciki, Yaya A'i."

Ta yi wajen katafilar. Ɗaya daga samarin ya riƙe ta ta baya, ya murɗe mata hannu. Na tsallaka hanya ina ihu su dakata mu fito da shi, ko a tabarma ne. Ja'afaru ya tare ni, ya sauke mini faɗin adda a kunne, na zube a taɓo. Daga nan ƙasa na ga direban yana kallonmu, yana kallon Mijinyawa. Ƙarar inji ta hana shi jin abin da muke faɗa. Mijinyawa ya ɗaga hannu ya yi masa alama ya ci gaba.

Turi ɗaya ta yi. Bangon Mijinyawa ya tafi ciki. Na ga rufin ya karkata gaba ɗaya, ya ɗan tsaya kamar zai fasa, sannan ya sauka, nasa da na wansa tare. Ƙarar ba ta da yawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ƙura.

Direban ya kashe inji, ya diro, ya ɗora hannu biyu a ka. Shi ne ya fara kaiwa wurin, yana tono da hannu yana kuka yana kiran sunan Yesu. Samarin suka saki A'i suka hau babura. Mutane suka cika wurin, wasu da shebur, wasu da kwano, wasu da farce. A'i tana nuna mana inda gadon yake.

"Nan ne! A'a, matso nan, kansa yana gabas!"

Ƙafar ɗorin muka fara gani, kararen sun tarwatse. Muka bi ta har muka kai ga fuskarsa. Gungumen giginyar yana kwance a ƙirjinsa. Mutum takwas suka ɗaga shi da ƙyar. Ƙirjin ya lotsa. Na share masa ƙasa daga ido da baki da bakin rigata, jini yana biyo ƙasar.

Yana da sauran numfashi. Leɓensa ya motsa, na kai kunne.

"A'i ta fita?"

"Ta fita, ga ta nan."

Sannan ya ce, "Mijinyawa ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya rufe ido. A'i ta ɗora kansa a cinyarta tana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya bi ta sau ɗaya, a hankali. Ta sake, bai bi ba.

A lokacin ne muka ji fashewar gilashi. Mijinyawa ya shiga mota zai juya, keken haya ya tare masa hanya. Masu taya da 'yan dako suka fasa gilashin suka jawo shi ta taga. Babbar rigarsa ta tsaya a ciki. Suka yi ta dukansa da abin da hannu ya samu. Yana ihu yana cewa, "Ɗakina na rushe! Wallahi ɗakina kaɗai na rushe!" Wani ya ɗauko bulo ya sauke masa a hannun dama, hannun da ya yi alamar, ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Wani ya mirgino taya. Wani ya zuƙo fetur daga babur a gora.

A'i ta ratsa su. Babu ɗankwali a kanta, zaninta duk jinin mijinta. Ta tsaya a kan Mijinyawa, ta dube shi, shi kuma ya kama ƙafarta da hannun hagu.

"Yaya A'i, don Allah."

Ta fizge ƙafarta. Ta juya ga masu tayar.

"Kada ku ƙona shi a nan. Gawa ɗaya ta ishi gidan nan yau. Ku bar shi ya rayu ya ji."

Suka huce a kan motar. Tana ci da wuta 'yan sanda suka iso suka jefa Mijinyawa a bayan tasu motar.

A gidana aka yi wa Malam Ladan wanka, domin gidansa babu sauran inda za a sakaya. Bayan azahar muka kai shi. Mutane sun yi yawa ƙwarai, har da manyan 'yan kasuwar Muda Lawal waɗanda shekara da shekaru shi yake wanke musu hula, ba su taɓa leƙa ɗakin da yake kwana ba. Direban katafilar ya biyo mu har ƙofar maƙabarta, ya tsaya daga waje.

Kamfanin ya ce shi fili ya saya, bai san komai ba. Malam Ladan bai bar ɗa namiji ba, 'ya ɗaya gare shi, Zinariya, tana aure a Gombe. Da ajalinsa ya same shi a kan gadonsa lafiya, da Mijinyawa yana da kaso a ɗakin. Alƙali ya ce wanda ya kashe ba ya cin gadon wanda ya kashe. A'i da Zinariya suka sayar da kangon, domin babu abin da ya rage a ciki da za a zauna, suka tafi Gombe tare.

Yanzu ginin ya kai hawa na biyar. Da safe inuwarsa tana rufe shagona har kusan azahar, sai na kunna fitila nake ganin kafar allura.

Dangi sun je Gombe sun roƙi A'i da 'yarta su karɓi diyya su yafe. Sun ƙi. An kama Ja'afaru a tashar mota, an ɗaure shi shekara goma. Mijinyawa shekara ashirin da ɗaya aka ba shi. Hannun daman bai ɗoru ba, an yanke shi daga gwiwa.