Goran Fannami

Shekara biyu ke nan Haladu yana gidan yari yana jiran igiyar rataya a kan kisan wani masunci, Fannami, alhali ba wanda ya gan shi da makami, ba wanda ya ji ihu. Abin da alƙali ya riƙe shi ne an ga sun shiga ruwa tare da Fannami da sassafe, kuma sun taɓa cacar baki a kan komar kamun kifi. Babbar maganar kuwa, da aka kwana biyu ana neman Fannami, Haladu ne ya kai mutane har kan gawar, can ƙuryar ciyawar kachalla, da rauni a ƙeya. Alƙali ya ce irin wannan lungu ba mai saninsa sai wanda ya yi ajiyar.

Yayarsa Mairam, wadda ta goya shi tun rasuwar uwarsu, ta san yadda aka yi. A ƙauyensu na masunta, gab da Guri, kowa yana da ƙaton goran da yake kifa ciki a kai yana su. In ruwa ya ci mutum, goransa ake saki a bi shi, don gora ba ya ɓatan mai shi. Haladu ya faɗi haka a kotu, mutane suka yi dariya. Dariyar nan har yau tana ci wa Mairam rai.

Lauyan da ya karɓi ɗaukaka ƙarar, Abdulwahid, mutumin kirki ne, sai dai shi da ruwa a kofi kawai suka san juna. Ya zo da takalmi sau ciki, ya ce shi bai yarda gora yana da hankali ba, amma ruwa yana da hanya. In duk abin da aka saki daga mashigin da suka shiga ruwa yana ƙarewa a lungun nan, zai ɗauka a waya ya nemi kotu ta karɓa, a san kowa ma zai iya gano gawar.

Da hantsi wani tsohon masunci, Munzali, ya tuƙa su a kwalekwale. Lauya ya saki goruna biyu da ya sayo a kasuwar Haɗejiya. Suka bi ruwa suka yi gabas abinsu, ko kallon kachallar ba su yi ba.  Sai Mairam ta kwance buhun da ta zo da shi, ta fito da goran Fannami, baƙi ƙirin saboda tsufa. Uwar mamacin ce ta ba ta, ta ce ita ma tana so ta sani ko ta samu barci.

Da aka ɗora shi a ruwa, goran ya tsaya cik, ruwa yana wucewa ta gefensa. Ya juya sau ɗaya. Sannan ya kama hanyar yamma, yana haura ruwa a hankali, ga shi ko iska babu. Tsuntsayen da suka cika fadamar da kuka suka yi tsit. Munzali ya bi shi, bakinsa yana motsi da addu'a.

Goran ya zo bakin kachalla ya wuce. Ya ci gaba har gindin wani tudu, ya riƙa bugun gaɓar ƙwas, ƙwas, kamar baƙo a ƙofar gida. Lauya ya tambaya me ke kan tudun. Munzali ya ce maƙabarta ce, nan suka binne Fannami.

Mairam ta fashe da kuka don murna, ta juya ga lauyan.

"Barista, ka gani da idonka. Ƙanena bai yi ƙarya ba."

"Na gani, Yaya Mairam."

"To, sai ka je ka faɗa musu."

Abdulwahid ya dubi wayar da ke hannunsa. Gorunan kasuwa biyu ne a ciki, suna tafiya gabas, suna gaskata alƙali. Na ukun kuwa bai san a gaban wace kotu zai kai shi ba a sake yin dariya ba.

Mairam ta jira amsa har murnar ta huce a cikinta, tsoro ya maye gurbinta. Lauyan ya sa wayar a aljihu, ya ce wa Munzali su koma.