Kofin da Aisa Ta Miƙa da Hagu

Mutanen wannan labari uku ne: Aisa, Babarbariya mazauniyar Zaitawa, mijinta Malam Ari, marini a Ƙofar Mata, da maƙwabciyarta Uwani, Bafulatana. Akwai kuma wani likita wanda ban riƙe sunansa ba.

A shekarun yaƙin basasa sukari ya yi wuya a Kano, amma Aisa ba ta fasa dafa shayi da hantsi ba, Uwani kuma ba ta fasa shigowa sha ba. Wata rana Aisa ta tsiyaya, ta miƙa mata kofi da hannun hagu.

Uwani ta noƙe. "Baiwata, yau ni ake ba da hagu? Ashe ladabin Barno ya ƙare tare da sukari."

"Sha ki tafi, 'yar daji," in ji Aisa, tana dariya.

Washegari ma da hagu ta miƙa. Uwani ta lura hannun dama yana manne da haƙarƙarinta. Ta ajiye kofin, ta ja ta ɗaki. Nan Aisa ta nuna mata wani ƙullutu mai tauri a nonon dama, ya kai har hammata. Tun damina take ɓoye shi, ko mijinta bai sani ba.

"Asibiti cike yake da sojojin da aka harbo," in ji Aisa. "Wa zai kula da ni? Kuma namiji ne zai buɗe ni."

"Ina tsaye a kanki zai buɗe."

Da Malam Ari ya dawo, hannuwansa sun yi shuɗi da baban rini, Uwani ta tare shi a zaure ta gaya masa.

Suka kai Aisa asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne, aka yanke nonon. Matan unguwa suka ce shayin ne ya dafa mata ƙirji. Malam Ari ya tambaya, likita ya ce shi bai san shayi da wannan laifi ba, kada a hana ta.

Hannun daman bai ƙara ɗaguwa sosai ba. Da hagu Aisa ta ci gaba da miƙa kofi har ta aurar da jikokinta, Uwani tana karɓa da hannu biyu. Kowace sallah Malam Ari yakan rina wa Uwani zane, ya aika mata da godiya.

Da girmana na koyi rubutu. Wanda ya ga na kauce, don Allah ya gyara mini.