Tiyo a Cikin Leda

Mai Guga ba ta yarda da iska ba, kuma duk layin an san haka. Shekara goma sha tara tana riƙe da shagon wanki da guga a ƙasan benen da suke zaune, ba a taɓa dawo mata da riga an ce ga tabo ba. A ganinta iska ba ta kawo komai sai ƙura. Duk abin da ya fito daga hannunta, riga ce ko zanin gado ko ɗan hankici, sai ta kara bayan hannunta ta ji ya bushe ƙarau, ta ninke, ta zura a leda, ta matse iskar, ta liƙe bakin. Kwastoman da ya kawo mata jiƙaƙƙun kaya a ƙulle kuwa ya shiga uku, don sai ya sha wa'azi a tsaye kafin ta karɓa. A gida ma haka take. Mijinta kuwa Manaja yake ce mata, wai tun da ya aure ta ko safarsa ba ya iya ɗauka sai da izinin ofis.

Shi mijin direban bas ne na cikin gari, shekararsa ashirin da shida a kan sitiyari. A gareji Agogo suke kiransa saboda bai taɓa makara ba, ita kuma Baban Auta take ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai yana da minshari irin wanda maƙwabta ke yi wa mutum jaje a kansa. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda minsharin ke yankewa ɗif, ƙirjin ya tsaya, sai can ya ja numfashi da ƙarfi kamar an tsamo shi daga ruwa. Ta yi magana ta gaji, yana cewa gajiya ce kawai.

Wata rana da hantsi ya yi gyangyaɗi a danja, bas cike da mutane. Allah ya sa ƙafarsa na kan birki. Wata fasinja ce ta bubbuga masa kafaɗa bayan fitila ta ba da hannu motocin baya sun cika titi da oda. Kamfani ya tura shi gwaji, likita ya ce maƙogwaronsa ne ke rufewa idan barci ya ɗauke shi, shi ya sa yake kwana a gado amma jikinsa bai huta ba. Aka ba shi inji, ɗan akwati ne mai ƙaramin tankin ruwa a gefe, da dogon tiyo ruwan toka, da abin rufe hanci mai igiyoyi. Injin na tura masa iska mai ɗan danshi don hanyar ta zauna a buɗe. Kamfani ya bar masa motarsa bisa sharaɗi guda. Akwai ɗan kati a jikin injin da ke rubuta awa nawa ya yi da shi kowane dare, kuma duk wata uku za a karanta katin a asibiti. In bai cika awa huɗu a yawancin darare ba, za a sauke shi daga sitiyari.

Watannin farko sai hamdala. Mutumin ya washe, idonsa ya daina ja, har barkwanci ya dawo masa. Shi yake wanke kayansa da kansa, irin wankin maza, ya ɗauraye tiyon a bahon wanka, ya rataye shi a saman ƙofar banɗaki baki biyu na kallon ƙasa, ya kama gabansa. Tiyo ya yini yana ɗiga a kan tayil. Mai Guga ta haɗiye abin wata huɗu cur, kullum tana goge ɗigon tana ƙunƙuni. Ranar da yayarsa ta zo gaisuwa ta shiga wanke hannu ta fito tana tambayar wane irin hanji ne aka shanya a ƙofa, ranar haƙuri ya ƙare. Ta ce daga yau ita za ta riƙa kula da kayan, shi ya ji da tuƙinsa.

Ta kuwa kula da su tsakani da Allah. Kowace safiya kafin ta sauka shago sai ta zubar da ragowar ruwan tankin, ta wanke abin hancin, ta ɗura ruwan ɗumi da sabulu a tiyon ta jijjiga, ta ɗauraye sau uku. Sai ta kakkaɓe shi, ta bi bayansa da farin tawul har yana ƙara, ta kara bayan hannunta ta ji babu laima. Daga nan ta naɗe shi tsaf, ta zura a sabuwar leda, ta matse iskar, ta liƙe, ta sa a durowa. Da yamma ta ciro ta haɗa masa, ta cika tankin. Ko asibitin, in ji ta, ba za su yi abin da ya fi haka ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Baban Auta ya fara tari. Busasshen tari ne, da atishawa, da toshewar hanci da safe. Ta ɗora laifin a kan hayaƙin titi, ta dama masa zuma da lemun tsami, ta ƙara ƙaimi wajen wanke tiyon. Tarin bai tafi ba. Sai ya ce bari ya koma ɗakin Auta, 'yarsu da ke makaranta a wani gari, don kada ya riƙa hana ta barci alhali tana yini a tsaye. Ya ɗauki injinsa ya koma can. Ta ga idonsa ya soma ja, ta ga yana zaune a kujera da kofin shayi a hannu kansa na rinjaya, amma duk safiya tana samun ruwan tankin ya ragu kamar kullum, sai ta ce a ranta tarin ne ke wahalar da shi.

Saura kwana huɗu a karanta kati, ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba saboda akwai labulayen wani otal da za ta gama. Ta tura ƙofar banɗaki, ta same shi a tsaye da singileti, tankin injin a hannunsa, yana tsiyaye rabin ruwan a hankali a cikin abin wanke hannu. Ya tsaya yana kallonta, ruwan na ci gaba da zuba.

Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye shi me ke nan. Ya yi 'yan kame-kame, wai ruwan ne ya yi yawa, wai kaza. Da ya ga ba ta motsa daga bakin ƙofa ba, sai ya ajiye tankin ya gaya mata gaskiya. Sati uku ke nan ba ya wuce awa ɗaya da injin. Da farko ƙamshin sabulunta yake ji, amma da iskar ta ɗumama sai wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, maƙogwaronsa ya hau ƙaiƙayi, tari ya turnuƙe shi har sai ya cire. Ruwan kuma yana ragewa ne don kada ta gane.

Ranta ya ɓaci sosai, kuma kalmar wari ce ta fi yi mata zafi. Ta ce shekara goma sha tara ba a taɓa danganta hannunta da wari ba, sai yau, a gidanta. Ta ce in ma haka ne, me ya hana shi buɗe baki tun ranar farko.

Ya ce, "Manaja, kina tashi tun duhu kina wanke abin nan saboda ni. Da wane bakin zan ce miki yana wari?"

Ta ce, "Sai ka ɗauki mutum sittin a mota ba ka yi barci ba?"

Nan tsoro ya kama ta, ya kori fushin gaba ɗaya. Ta ce yau ba inda za shi, ta tsaya a kansa har ya kira gareji ya ce ba shi da lafiya, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki.

Ta ɗauko tiyon ta shinshina, ba ta ji komai ba sai sabulu. Ta kunna fitilar waya ta haska cikin bakinsa, ta hango wani abu a can ciki da ba ta gane ba. Sai ta sauka shago ta ɗauko babban almakashinta, ta dawo ta datse tiyon gida biyu, ta tsaga ɗaya a tsaye. Cikin tiyon gaɓa-gaɓa ne, kuma a kowace gaɓa ga ɗigon ruwa a kwance, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ɗan kore sun bi layi tun daga tsakiya har kusa da baki. Ba sai an gaya mata ba, fumfuna ce, irin wadda take yi wa kwastomomi faɗa a kanta. Bayan tiyon take busarwa, cikinsa kuwa hannunta bai taɓa kaiwa ba, kuma kullum ita ke ƙara masa sabon ruwa ta rufe shi a leda ya yini a durowa. Ta zauna a bakin gadon Auta da guntun tiyon a cinya, kunya ta rufe ta.

Ba su jira ranar da aka ba su ba, washegari suka tafi asibiti. Nas ɗin da ke kula da masu irin wannan injin, wata mai gilashi mai magana a hankali, ta sa katin a kwamfuta ta juyo musu da allon. Watannin baya dogayen layuka ne, satuttuka uku na ƙarshe kuwa guntaye ƙwarai. Ta tambayi direban me ya faru. Ya gyara zama ya ce sakacinsa ne, ya gaji da abin ne kawai. Mai Guga ta buɗe jakarta ta ciro tsagaggen tiyon ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Ba sakacinsa ba ne, 'yar nan. Aikina ne wannan."

Ta faɗi yadda take yi tun daga sabulu har leda, ba ta rage komai ba. Nas ba ta yi mata faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce wankin ya yi, shanyar ce babu. Tiyo sai an rataye shi baki biyu ƙasa a inda iska ke ratsawa, ba cikin rana ba, ya yini yana tsanewa har cikinsa. Tankin a zubar da ruwansa kowace safiya a bar shi a buɗe, sau ɗaya a sati a jiƙa shi da ruwan khal, wato binega, a ɗauraye sosai, a daina sabulu mai turare, a riƙa duba 'yar matatar da ke bayan injin. Wanda fumfuna ta riga ta kama kuwa ba a wanke shi, jefarwa ake yi. Ta tambaya ko da can haka ake yi, Baban Auta ya dubi silin, Mai Guga ta ce a'a, da can a ƙofar banɗaki yake ratayewa, ita ta hana.

Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce da sauƙi, ya rubuta magani, aka ba su sabon tiyo da sabon abin hanci da matata. Mai Guga ta roƙi nas ta rubuta wa kamfani cewa laifin nata ne, mutumin nan bai taɓa wasa da aikinsa ba. Nas ta ce za ta rubuta dalilin, amma ba za ta taɓa abin da katin ya nuna ba. Kafin Mai Guga ta ƙara magana mijin ya dafa hannunta, ya ce a bar shi haka, shi ma ya san bai kamata ya hau motar ba a kwanakin nan. Kamfani ya yanke masa kwana talatin ba tuƙi. Zai riƙa zuwa gareji yana duba tayoyi da madubai kafin motoci su fita, in katin ya cika a ƙarshen wata a sake duba maganarsa, in bai cika ba shi ke nan.

Da suka dawo ta aro guduma wurin mai gyaran takalmi na kusa da shagonta, ta kafa ƙusa biyu a baranda ta ciki inda tagogi ke kallon juna. Da safe ta wanke sabon tiyon, ta rataye, ta ajiye tsohon tawul a ƙasa yana tare ɗigon. Ta tambaye shi yadda ya kwana, ya ce awa bakwai, bai ji warin komai ba, tarin ma sau biyu kawai.

Ranar da zai fara zuwa gareji ta goge masa rigar gida mai dogon hannu, don ya ce ba zai sa rigar direbobi ba alhali ba tuƙi zai yi ba. Ta sauka shago ta jona dutsen guga, amma ta kasa fara aiki, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya tsallaka titi ya shiga cikin masu jiran mota, ga 'yan makaranta, ga wata mai jariri, ga masu zuwa kasuwa. Ƙarfe bakwai saura kwata bas ɗin ya ɓullo, nasa, mai 'yar lotsawa a gefen hagu, wani direban da ba ta sani ba a kan kujerar. Ta ga Baban Auta ya ɗaga hannu ya tsayar da shi kamar kowa. Ya bari mai jaririn ta fara shiga, sannan ya hau. Babu wurin zama, sai ya kama ƙarfen sama ya tsaya a bayan direban, yana kallon titi ta saman kafaɗarsa.

Tausayinsa ya kama ta har idonta ya ciko. Ta tsaya a wurin har motar ta sha kwana, dutsen guga na ta ɗaukar zafi a bayanta.