Gida Babu Ƙofa

Da rana ta take, mutane suka ɗauke ƙafa daga shagon aski, Auta ya share gashin da ke ƙasa, ya jawo allon zanensa daga bayan labule. Ya jingine shi a kan kujerar da masu zuwa aski ke zama, ya ja baya ya harɗe hannu.

Garinsu ne a jikin allon, wanda ruwan madatsa ya shanye tun yana ɗan ƙarami. Ga kogi can nesa, ga gonaki, ga gidansu da bishiyar mangwaro ta leƙo ta saman rufi. Sararin sama ya yi masa yadda yake so. Koren gonakin ya ɗan yi yawa, amma wannan mai sauƙi ne, ɗan fenti mai launin ruwan ƙasa zai kwantar da shi. Gidan ne ya ƙi. Duk inda ya sa masa ƙofa sai ya ga kamar ya yi ƙarya, sai ya shafe ta da fenti. Har wurin ya yi tudu.

Ya juya kujerar ta fuskanci madubi, kamar yadda yake yi wa wanda ya zo aski idan ya gama. A madubi yake kama gefen da ya karkace a kan mutum. Yau madubin bai faɗa masa komai ba.

Ba shi da lokacin da zai yi ta jira. Idon Inna yana dushewa, likita kuma ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Auta yana so ta ga garin da idonta, ta ce shi ne. Idan ba ta gane shi ba, ya yi ɓarnar fenti ne kawai.

Bai gama tunanin ba Yaya ta ɗaga labulen ƙofa, tana riƙe da hannun Inna. Daga asibiti suke.

"Ka ce sai ka gama, ita kuma ta ce yau," in ji Yaya. "Ni 'yar rakiya ce, ku ƙare ku biyu."

"Bai gama bushewa ba ma."

"Ba lasa zan yi ba," in ji Inna. "Matso da shi wajen haske."

Ya ɗauko allon ya riƙe a bakin ƙofa. Inna ta kawo fuskarta kusa har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Auta yana jin numfashinta. Hannunsa ya fara gajiya, bai motsa ba.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ina ne?"

Yaya ta dubi Auta, ta dubi allon, ta karkata kai.

"Inna, gidanmu ne wai."

"Gidanmu mangwaron a ƙofa yake. A gindinsa nake yi miki kitso. Wannan ko ƙofa ba shi da ita. Ta ina ake shiga?"

Yaya ta ƙara matsowa, sai dariya ta ƙwace mata.

"Auta, duk wannan wahalar, ashe bayan gida ka zana mana."

"Yaya, don Allah."

"To ƙarya na yi? Ga bangon baya nan, ga 'yar tagar ɗakin Baba. Kai wa ka taɓa gani yana tsayawa ta nan yana kallon gida? Sarƙaƙiya ce fa wurin, ko akuya ba ta shiga."

Ya sauke allon ya dube shi. Haka yake ganin garin kullum idan ya rufe ido: daga sama, daga baya, rufin yana ƙanƙancewa. Bai taɓa tambayar kansa a ina yake tsaye ba.

Inna ta laluba ta zauna a kan benci.

"Sabuwar hanya," ta ce. "Wadda masu aikin ruwan suka fasa ta kan tudu. Ta nan motar ta bi da mu ranar da muka tashi. A kan kaya aka ɗora ka, kana fuskantar baya."

"Ke fa, Inna?"

"Ina gaba kusa da direba. Na rufe fuskata da mayafi. Na ce idan na waiwaya sai na sauka."

Yaya ta daina dariya. Ta shiga gyara jakarta ba gaira ba dalili.

Auta ya duba tudun fentin da ya yi ta binne ƙofofi a ciki. Yana da sauran farin fenti. Zai iya shafe komai, Yaya ta riƙa faɗa masa yadda gaban gidan yake, shi kuma ya zana. Sai dai bai san ko idon Inna zai jira ba, bai kuma san gaban gidan ba sai a bakin wasu.

"Zan sake shi," ya ce. "Ta gaba. Da ƙofa da komai."

"Gaban ina da shi, ba na buƙatar ido," in ji Inna. "Kada ka taɓa wannan. Kawo shi nan."

Ya ɗora mata a cinya. Ta sunkuya, ta sa yatsa kusa da tagar ɗakin Baba ba tare da ta taɓa ba.

"A buɗe na bar ta?"

"A buɗe take, Inna."

"Ni da na ɗauka na rufe."

Wani mutum ya leƙo yana shafa ƙeya. Yaya ta ce masa ya dawo an jima.