Fuskar Auta

Malamin zane ya kwashe butar da lemukan daga kan tebur, ya sa aka jera kujeru bibbiyu suna fuskantar juna.

"Mun gama da buta, yau fuska za mu zana. Dokar dai tana nan: abin da ido ya gani za ku sa a takarda, ba abin da kuka sani ba."

Mama ta taɓe baki. Lissafi ta koyar har ta yi ritaya, ta san yadda malamai ke son doka mai daɗin faɗa. Ita kam da abin da ta sani take zane tun shigowarta ajin. Tun bara ganinta ya fara dushewa daga tsakiya. Gefe-gefe tas, amma duk abin da ta zuba wa ido sai wani tabo mai toka-toka ya zauna a kansa. Buta ba ta ba ta wahala ba. Takan riga kowa zuwa, ta shafa ta daga mariƙi har baki, ta jujjuya lemukan a tafinta, sauran kuma lissafi ne. Takardar ma a kaikaice take dubanta. Ba wanda ta gaya wa, don ranar da 'yarta Auta ta ji, ranar za ta kwashe ta daga gidanta ta ajiye a ɗakin baƙi, a riƙa leƙowa ana tambayarta ko ta sha magani.

Ga shi an ce kowa ya zo da wanda zai zana, kuma Autar ce ta taso daga ofis ta zauna a gabanta.

"Mama, kar ki ƙara min shekaru."

"Rufe bakin, shi zan fara zanawa."

Tsohon telan da ke kusa da su ya nuna matarsa da fensir. "Tawa cewa ta yi in rage mata haɓa. Na ce ni riga na iya ragewa."

Mama ta ɗaga kai. Ga mayafi, ga kafaɗu, ga tagar da ke bayan Auta. Fuskar ce babu, kuma ba buta ba ce balle ta kai hannu. Sai ta zana wadda ta sani: faffaɗan goshin da Auta ta gado wurin ubanta, ɗan tabon gira na faɗuwar keke, da leɓen da ke karkacewa in tana danne magana.

Malam ya zo wucewa ya tsaya. "Kun ga abin da nake faɗa? Mama ta kalla da kyau." Bai ko ɗaga kai ya dubi Auta ba, ya yi gaba.

Auta ta zagayo ta tsaya a bayanta. Ta ƙura wa zanen ido. Can ta durƙusa, ta kama hannun uwarta ta ɗora a kan fuskarta. Yatsun Mama suka ci karo da ƙarfe mai sanyi, da gilashi.

"Tun watan jiya nake sa tabarau," in ji Auta a hankali. "Da shi na zo gidanki, muka ci abinci, har kika ce na rame."

Mama ba ta janye hannun ba.

"Ba zan koma gidanki ba."

"Ni ban ce komai ba."

"Leɓenki ya ce. Ba sai na gan shi ba."

Auta ta yi 'yar dariya, sannan ta ja hanci. "Asibiti dai, Mama. Gobe. Maganar gida a bar ta sai mun ji bakin likita."

"A bar ta har bayan mun ji."

Telan da matarsa suka duƙufa a kan takarda kamar ba su da kunnuwa.

Mama ta bi ƙarfen da yatsa daga bayan kunne har karan hanci, yadda take yi wa buta. Mai kusurwa ne, kuma ya yi wa fuskar girma kaɗan, amma wannan zancen ta ajiye shi sai a mota. Ta laluba fensir da ɗaya hannun.

"Tsaya cak," ta ce. "Kina motsa min shi."