Igiyar Gwangwani da Gauraki Biyu

Ni na kori gaurakin da hannuna, babu wanda ya sa ni. Na faɗa tun farko don kada wani ya ɗora wa ƙaddara laifin da ba nata ba.

Sunana Mala. Manomi ne ni a fadamar da ke bayan Gafasa. Karatuna bai wuce izu biyu ba, boko kuwa ƙofar aji kawai na sani. Matata Zara shekara biyu ke nan tana kwance a Gaya, a gidan 'yarmu Rahmatu, tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Can ya fi kusa da asibiti. Duk Juma'a nakan hau babur in je, in zauna a bakin katifarta, ta tambaye ni kaji da awaki, in ba ta amsa, in dawo gidan da babu hayaƙi.

Gonata ta shinkafa tana bakin wani tafki. Mahaifin Zara, Allah ya jiƙansa, malami ne da ake jin maganarsa, shi ya hana a yi harbi ko a ɗana tarko a tafkin, har yau kuma ba a karya ba. Lokacin da aka kawo mini ita amarya, gauraki kan sauka nan duk rani, sai ka ƙirga talatin ka gaji. Idan ta kawo mini kunu gona sai ta tsaya tana kallonsu suna rawa biyu-biyu, kunun ya huce a hannunta, ni kuwa in yi ta faɗa. Daga baya injinan ban-ruwa suka cika fadamar, har da nawa. Gauraki suka daina zuwa. Ni ban ma lura da shekarar ba. Ita ta lura.

Bana shinkafar rani ta fitar da kai, tana nono, sai maƙwabcina na gona, Ikrama, ya leƙo rumfata. Bafillace ne, ni kuma asalinmu Barno, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya riga ya cire albasarsa, ba shi da aiki sai ni.

Ya ce, "Babarbare, baƙin surukinka sun dawo."

"Waɗanne baƙi?"

"Gauraki biyu. Jiya da sassafe, kana can kana sharar barcin gado."

Na ce, "Ƙarya dai nono ce a wurinku, da ita ake yaye ku."

Ya ja ni bakin ruwa ya nuna mini sawu a taɓo, yatsu uku dogaye, faɗin tafin hannuna. Ba na belbela ba ne.

Ranar Juma'a na gaya wa Zara. Maganarta yanzu a hankali take fita, kamar mai tauna ta kafin ta sake ta. Amma ranar nan da sauri ta fito.

"Malam, da tukkunsu?"

"To da hula za su zo?"

Ta yi dariya da rabin baki. Sai ta ce, "Ina son in gan su."

Na dubi Rahmatu, ta dube ni. Hanyar fadama rairayi ce, a-daidaita-sahu ba ya shiga, Zara kuwa ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta da matashi. Rahmatu ta tashi ta ɗauko babbar wayarta ta shafawa, ta ba ni don in ɗauko wa uwarta hotonsu, ta karɓi tawa 'yar ƙarama mai tocila.

"Baba, ka ga farar da'irar nan? Ita za ka taɓa. Sau ɗaya. Ba garma ba ce, kada ka danne ta da ƙarfi."

"Na ji."

"Kuma ka cire babban yatsanka daga kan idon kyamarar."

"Na ce na ji, ko malamar Islamiyya ba ta jin Hausa?"

Sai in yi bayanin yadda muke tsaron shinkafa, don wanda bai sani ba. Idan tana nono, tsuntsayen jan-baki suna zuwa dubu-dubu, wuni ɗaya sai su bar maka buntu. Don haka muna kafa sanduna a kewaye da gona, mu ja igiyoyi, mu rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da tsummokaran leda. Duk igiyoyin suna haɗuwa a rumfa, a ɗaura su a uwar igiya guda. Mai gona ya zauna tun fitowar rana har faɗuwarta da ita a naɗe a hannu. Da zarar tsuntsu ya sauka, ka fizga, ka yi ihu. Tun ina da shekara tara nake wannan aikin, a gonar babana. Yanzu ina da hamsin da uku.

Na kashe injina, na zauna a rumfa, waya a hagu, igiya a dama. Kwana huɗu ba su zo ba. Ikrama kan zo ya ce in ɗauke shi hoto tunda shi ma yana da dogon wuya.

Rana ta biyar, hantsi bai gama ɗagawa ba, na ga inuwa ta wuce ta kan ruwa. Suka sauko a hankali, ƙafafu a miƙe, suka dira a bakin gonata. Tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Baƙaƙe ne, da fari a fiffike, kumatu fari da ja, ga tukkun nan kamar an soka musu tsintsiyar zinariya a ka. Ɗayan ya buɗe fikafikai ya yi tsalle, ya rusuna wa ɗayan. Wallahi sai na ga Zara tsaye da ƙwaryar kunu, zanenta ya jiƙe da raɓa. Na ɗaga wayar. Na gan su a ciki, su biyu, cif.

Sai ɗayan ya miƙa wuya ya kai baki kan zangarniyar shinkafa.

Ban yi niyya ba. Ban ma yi tunani ba. Hannuna na dama ya fizgi igiya, bakina ya ce, "Haaa!" Gwangwanaye suka ɗauka daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin in gane muryar wa na ji, sun tashi. A lokacin ne na taɓa farar da'irar.

Ikrama yana tsaye a kan kunya, ya ga komai. Bai yi dariya ba, bai ce Babarbare ba. Cewa ya yi, "Mala, me ka yi?"

Ranar Juma'a na kai wayar. Hoton sama ce fara fat, sai can a gefen sama ƙafafu biyu baƙaƙe, dogaye, babu jiki. Rahmatu ta buɗa shi da yatsu ta riƙe wa uwarta. Zara ta daɗe tana kallo. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba, don ban iya kwana-kwana ba.

Ta ce, "Sun yi kuka da suka tashi?"

"Ban ji ba. Gwangwani ya cika kunnena."

"Kukansu kamar kakaki yake, daga nesa." Ta lumshe ido. "Dama kai, Malam, ba ka taɓa barin wani abu ya ci naka ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ɗauki lauje na bi igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya na yanke. Na tara gwangwanayen a buhu na kai gida. Injin kuwa ban sake tayar da shi ba.

Ikrama ya ce, "Ka haukace? Jan-baki wuni ɗaya ya ishe su."

"Shinkafarka ce?"

"Abincin shekararka ne, mutumin banza. Idan ma gaurakin sun yi gabas fa?"

"Su dawo su tarar da wurin shiru."

Jan-baki suka zo da la'asar, kamar hayaƙi. Suka sauka, gona ta yi ta motsi kamar ruwa yana tafasa. Hannuna na dama ya yi ta neman igiya a iska, har sai da na zauna a kansa. Haka na yi ta zama, hannu ɗaya a ƙarƙashina, ɗaya riƙe da wayar Rahmatu da na sake karɓowa, ina kallon bakin tafki, a bayana ana cinye ni. Juma'a ta zo ban je Gaya ba, karo na farko a shekara biyu, don kada su sauka ba na nan. Na kira 'yar wayata da ke hannun Rahmatu na ce a gaya wa Zara ina jira. Na ji muryarta can ciki tana cewa in sa hula, rana ta yi zafi.

Rana ta goma sha ɗaya na ji shi. Can sama, nesa ƙwarai, sau biyu, kamar kakaki. Na ɗaga kai na ga ɗigo biyu suna yin gabas. Ba su rage tafiya ba. Na ɗaga wayar, ban ga komai a ciki ba sai sama, na sauke. Na ƙara kwana uku duk da haka, har na ga shamuwa ta sauka a kan kuka, na san damina ta ƙarato, lokacinsu ya wuce.

Da na koma Gaya na mayar da wayar, Rahmatu ta kai hoton ƙafafun nan an wanko shi a takarda, ta manna a bango daidai inda idon uwarta yake sauka. Zara ta ce na macen ne, wai sun fi siranta. Ban musa ba. Na gaya mata na ji kukan, sau biyu. Ta ce in kwaikwaya mata. Ni da gemuna da furfura na kwaikwaya, ta ce ban iya ba, in sake.

Da na shiga gonar da lauje, kowace zangarniya na murza sai ta watse a hannuna, buntu zalla. Gonar da takan ciyar da mu shekara, bana ko irin shuka ban samu a cikinta ba.