Asabar Ɗin da Ba ta Eilif Ba

Tun ranar da Eilif Hestvik ya sauko daga jirgin ruwa da jaka ɗaya na ce wa mijina Oddvar, "Ruwa ba ya tsami banza." Mutumin da ya yi shekaru yana tsaron baya a kulob-kulob na Beljiyam da Jamus, muna ganinsa a talabijin yana tashi sama yana dukan ƙwallo da ka, me ya dawo yi a tsibirin nan namu, inda ban da kifi da iska babu komai?

Oddvar ya ce in bar yaro ya huta. Yaro! Har da furfura a gemunsa. Amma haka Oddvar yake, shi ne kocin kulob ɗinmu tun kansa yana da gashi, shi ya koya wa Eilif ɗaure takalmi. In ka raba Oddvar da filin nan da usur ɗinsa, to ka gama da shi, na fi kowa sani.

Da ƙanƙara ta narke aka fara aikin gayya a fili kamar kowace shekara. Kowane gida da Asabar ɗinsa: ku zo, ku yi fenti, ku gyara raga, ku sha kofi da wainar da nake toyawa a rumfa, ku tafi. A nan ba wanda yake tsallake ranarsa, kuma ba wanda yake shiga ta wani, don wannan neman suna ne. Eilif ya zo Asabar ɗin gidansu tare da yayarsa Borghild, aka ba shi katangar katako ta bayan raga ya shafa mata fari. Sai ga shi kuma Asabar ta gaba, da bokitinsa. Ta gaba ma haka.

"Ka gani ko?" na ce wa Oddvar. "Zaɓen kulob ya kusa. So yake a ce ya fi kowa ƙoƙari, a miƙa masa yaran."

"Ke dai, Gunvor, bakinki ba ya gajiya."

Bakina bai gaji ba kuwa, don idona yana kansa. Ya zo rumfa karɓar kofi ya ce min "baiwar Allah," ni da na sha goge masa majina! Na ce lallai Jamus ta koya masa girman kai. Ran nan kuma Oddvar yana wurga wa 'yan wasa ƙwallo suna sa mata kai, sai Eilif ya yar da burushi, ya shigo fili ya cafke ƙwallon ya rungume. "Ban da dukan ƙwallo da kai," ya ce, "ban da kai!" A gaban iyaye, a gaban kowa. Ranar ko kifin da na dafa Oddvar bai taɓa ba.

Na tare Borghild a kanti na tambaye ta me ƙaninta yake nema. Ta kau da kai, ta ce, "Ku bar shi ya yi fentinsa mana, me ya tare muku?" Wannan amsar ta ƙara min zargi, don mai gaskiya ba ya kau da kai.

Ana saura mako guda zaɓe Oddvar ya gaji. Ya ce shi ba za a tsige shi a gaban jama'a kamar ɓarawo ba, gara ya miƙa usur ɗin da hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na bi shi don in ga idon maci amanar. Muka tarar da Eilif a bayan raga, a durƙushe, yana fenti. A nan na lura da abin da ban lura da shi ba daga rumfa: katangar nan ɗaya ce yake ta shafawa tun farko. Fentin ya yi kauri har yana tsiyaya a kan ciyawa, ga sauran katangun kuwa ko taɓa su bai yi ba.

Oddvar ya cire usur daga wuyansa ya miƙa masa. "Ungo abin da ka zo nema."

Eilif ya miƙe, ya dubi usur, ya dubi Oddvar. Ya daɗe yana dubansa, sai fuskarsa ta washe.

"Koci! Yi haƙuri, na kusa gamawa. Yau ce ranar gidanmu, Mama ta ce kada in taɓa ƙwallo sai na gama." Ya goge hannu a wando. "Za ka sa ni ranar Lahadi? Wallahi duk wadda ta zo ta sama tawa ce."

Mahaifiyar tasa kuwa mu muka raka ta makabarta tun yana Beljiyam.

Na juya, sai ga Borghild tsaye a bakin ƙofar fili da mukullin mota a hannu, ashe kullum ita take kawo shi, ta jira, ta mayar da shi. Ta taɓa goshinta da yatsa, daidai inda ƙwallo take sauka. Ashe dukan ƙwallon nan ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko ni bai gane ni ba.

Oddvar ya mayar da usur wuyansa. Ya ɗaure fuska irin yadda yake yi wa yara.

"Zan sa ka," ya ce. "Amma a ƙasa za ka buga, ka ji ni? Ban da kai."

"To, Koci."

Ya koma ya durƙusa ya tsoma burushi. Na je rumfa na zubo masa kofi, na ɗora masa cuku a kan waina mai zafi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, baiwar Allah."